Wayarka Ba Ta San Nufinka Ba: Kalmomin Turanci Masu Sauti Ɗaya Da Ke Jawo Mana Asara

Akwai wani imani da ya zauna daram a zukatan matasanmu masu riƙe da wayoyin zamani: muddin waya ba ta ja jan layi a ƙarƙashin kalma ba, to Turancin da aka rubuta ya yi daidai, sai a danna a tura. Wannan imani yana jawo mana asarar da ba ma lissafa ta. Ciniki yakan warware, takardar neman aiki takan tafi kwandon shara, kuma mai ita ba zai taɓa sanin dalili ba, domin babu wanda zai dawo ya gaya masa cewa kalma ɗaya ce ta kayar da shi.

Ra'ayina a taƙaice shi ne, akwai wani rukunin kalmomin Turanci da babu wayar da za ta ɗauke maka nauyinsu, komai tsadarta. Su ne kalmomin da ake furtawa iri ɗaya ko kusan iri ɗaya, amma rubutunsu da ma'anarsu suka sha bamban, irin su "price" da "prize", ko "wait" da "weight". Dole kai da kanka ka san su. Abin da zai kwantar maka da hankali shi ne, waɗanda suka shafi sana'arka ba su da yawa, kuma duk wanda ya iya karanta Hausar boko ya riga ya mallaki dabarar rarrabe su, ko da bai lura ba.

Me ya sa wayar ke yin shiru?

Bari mu fara da yadda manhajar gyaran rubutu take aiki, domin mu da muke rubuta manhajoji mun san babu wani sihiri a cikinta. A ginshiƙinta akwai wani dogon jerin kalmomi, wato ƙamus marar fassara. Idan ka rubuta kalma, sai ta duba ko tana cikin jerin. Idan babu ita, sai ta ja layi, ta nemo kalmar da ta fi kusa da abin da ka rubuta. Tun a 1964 wani ma'aikacin kamfanin IBM mai suna Fred Damerau ya nuna cewa sama da kashi 80 cikin 100 na kurakuran rubutu ba sa wuce abu huɗu: ƙara harafi ɗaya, ko tsallake ɗaya, ko musanya ɗaya da wani, ko juya haruffa biyu da ke maƙwabtaka. A kan wannan tunani aka gina yawancin masu gyaran rubutu, har da jan layin nan da Microsoft Word ya shahara da shi tun 1995.

To ka ga inda gizo ke saƙar. Idan ka rubuta "pirce", wayar za ta kama ka nan take, domin babu wannan kalma a jerinta. Amma idan ka rubuta "prize" alhali farashi kake nufi, kalmar tana cikin jerin, an kuma rubuta ta daidai. Ma'anarta ce kawai ta zama kyautar gasa. A wajen wayar babu laifin da ka yi.

Yayyenmu da suka riƙe Nokia 3310 a farkon shigowar wayar salula Najeriya a 2001 sun san irin wannan ciwo. A tsarin hasashen kalma na T9, idan ka danna 4663, wayar ba ta san ko "good" kake so ko "home" ko "gone" ba, domin duk maɓallai ɗaya ne. Sai ta zaɓi wadda aka fi amfani da ita ta miƙo maka. Allon rubutu na yau, irin Gboard, ya fi wancan wayo nesa ba kusa ba, yana duban kalmomin da suka gabata kafin ya yi hasashe, wani lokacin ma yakan kama irin wannan kuskure. Amma har yanzu hasashe ne. Abin da mutane suka fi rubutawa yake bi, ba shi da hanyar leƙa zuciyarka.

Daga ina aka samo wannan ruɗani?

Wani zai ɗauka rashin karatu ne ya sa muke rikita waɗannan kalmomi. Gaskiyar magana, Turancin ne da kansa ya zo da larurarsa. Haruffansa 26 ne, amma sautukansa sun kai 44. Lokacin da William Caxton ya kafa injin buga littattafai na farko a Ingila a 1476, rubutu ya fara tsayawa wuri ɗaya, amma bakin mutane bai tsaya ba. Tsakanin shekarun 1400 zuwa 1700 furucin wasulan Turanci ya yi ta sauyawa. A da ana furta harafin farko na "knight" da na "write", shi ya sa ba su yi kama da "night" da "right" ba. "Meet" da "meat" ma kowace da nata sautin. Furuci ya haɗe su, rubutu ya bar su a rabe. Saboda haka har Turawan da aka haifa da harshen suna rikita "their" da "there" kullum a Facebook.

Wannan shi ne kaso na farko, wanda ya shafi kowa a duniya. Akwai kaso na biyu da ya shafe mu mu kaɗai. Hausa ba ta rarrabe sautin "p" da "f", kuma ba ta da "v". Shi ya sa da muka ari kalmomi muka ce fasinja, famfo, firamare, kwamfuta, muka ce direba da talabijin. A bakinmu "pull" da "full" sukan zama ɗaya, haka "pan" da "fan", "copy" da "coffee", "vote" da "boat", "van" da "ban". Sautin "th" yakan koma "s" ko "z" ko "t", sai "think" ta zama "sink", "three" ta zama "tree". Babu abin kunya a nan. Kowace al'umma da irin karin harshenta, Baturen Faransa da na Jamus ma da nasu. Matsalar tana farawa ne lokacin da yatsa ya rubuta abin da kunne ya ji, ko lokacin da ka danna alamar makirufo ka yi magana wayar ta mayar da ita rubutu. Abin da ta ji za ta rubuta, kuma duk kalmomin da za ta fitar ingantattu ne, babu jan layi ko ɗaya.

Inda abin ke taɓa aljihu

Mu ɗauki kasuwar hatsi ta Dawanau da ke kan hanyar Katsina, a ƙaramar hukumar Dawakin Tofa. Daga nan ake lodin masara da gero da wake zuwa Nijar da Chadi da Kamaru, ana kuma tara riɗi da zoɓorodo da citta da waken suya domin masu fitar da kaya ƙasashen waje. Manyan 'yan kasuwar da yawa ba su damu da boko ba, sun san kaya sun san mutane. Idan aka zo maganar saƙon WhatsApp zuwa ga mai saye a Legas ko Indiya ko Turkiyya, wa ake miƙa wa waya? Yaron shago ko ɗan maigida da ya gama sakandare. Wato mu. Amanar miliyoyin naira ce ke ratsawa ta yatsunmu.

Duba zoɓorodo, wanda kaso mai yawa daga cikinsa Meziko ake kai shi. Sunansa a kasuwar duniya "hibiscus flower", wato busasshen fure. Idan ka rubuta "hibiscus flour", ka ce garin zoɓo kake sayarwa, wanda shi ma haja ce ta daban da ake niƙawa. Mai saye zai ɗauka kayanka niƙaƙƙe ne, ya wuce. Mu kuwa Hausa ba ta taimake mu a nan ba, domin da muka aro kalmomin biyu mun cure su wuri ɗaya: fulawar burodi fulawa, ta ƙofar gida ma fulawa.

Duba kuma "tonne" da "ton", waɗanda ake furtawa iri ɗaya. Ta farko kilo 1,000 ce cif. Ta biyu kuwa a Amurka tana nufin laba 2,000, wato kimanin kilo 907. Bambancin kilo 93 ne a kowane tan, kusan buhu guda. A lodin tan 30, bambancin ya kai kilo 2,790, kusan buhu 28 masu kilo 100. A nan gida idan an ce tan kowa ya san kilo 1,000 ake nufi, amma takarda idan ta tsallaka teku ba ta tafiya da abin da kowa ya sani a Kano. Shi ya sa gogaggun 'yan kasuwa suke rubuta "MT" ko su rubuta kilon da lambobi.

Sai "accept" da "except". Wanda ya rubuta "we except bank transfer" yana son ya ce muna karɓar kuɗi ta banki, amma kalmar da ya sa ta togewa ce, ta fi kusa da cewa ban da ta banki. Sai "send" da "sent", inda harafi ɗaya ke raba wanda ya riga ya tura kuɗi da wanda bai tura ba. Sai "order" da "other", sai "leave" da "live", inda mai cewa zai bar Kano gobe yakan rubuta cewa zai zauna a Kano. Lokacin babbar salla kuwa, masu tallan raguna a intanet suna fama da "sheep" da "ship" da "cheap". Mafi haɗari duka shi ne lambobi a saƙon murya: "fifteen" da "fifty", "thirteen" da "thirty". Tsakanin buhu 15 da buhu 50 akwai rigimar da sai an tara dattawan kasuwa kafin a kashe ta.

Akwai wata asarar da ta fi waɗannan ciwo, ita ce ta yarda. Mai sayen da ke wata ƙasa bai taɓa ganin fuskarka ba, bai ga sitonka ba, bai san sunan mahaifinka ba. Rubutunka kaɗai yake da shi. Kuma mun san irin sunan da 'yan damfara suka jawo wa ƙasar nan, har lambar 419 ta zama sananniya a duniya. Bankuna da kamfanonin tsaron intanet sun daɗe suna gargaɗin mutane cewa kurakuran rubutu na daga cikin alamomin saƙon damfara. Saboda haka ɗan kasuwa mai gaskiya, mai kaya cike da sito, idan saƙonsa ya fito da "best prize" da "net wait", yana iya faɗawa cikin rukunin da bai cancanta ba. Ba za a zage shi ba, ba za a yi masa gyara ba. Shiru kawai zai ji.

Haka abin yake a wajen ɗalibi. Jarrabawar Turanci ta WAEC tana da takarda guda a kan sautuka, JAMB ma tana tambayar kalmomi masu sauti ɗaya, kuma a ɗakin jarrabawa babu allon rubutun da zai yi maka hasashe. Mai neman aiki da ya rubuta "carrier" a maimakon "career" a layin farko na takardarsa ya ba mai tantancewa dalilin ajiye ta gefe.

"Ai yanzu akwai ƙirƙirarriyar basira"

Na san amsar da wasu za su bayar. ChatGPT ya fito tun ƙarshen 2022, Meta AI yana cikin WhatsApp, akwai Grammarly, Google Translate ma ya san Hausa tun 2013. Me zai sa mutum ya wahalar da kansa?

Gaskiya ne waɗannan manhajoji suna kallon jimla gaba ɗaya, kuma za su kama "I want to sale" ko "their is no stock" cikin sauƙi. Ni ma ina ba da shawarar a yi amfani da su. Amma iyakarsu a fili take. Idan jimlar da ka rubuta ingantacciya ce ta kowace fuska, ba su da abin gyarawa. "We have hibiscus flour" Turanci ne mai kyau. "I will live in Kano" Turanci ne mai kyau. Manhajar ba ta shiga sitonka ba, ba ta san fure ne a buhunan ko gari ba. Wani lokacin ma takan sake maka jimlar ta fito sumul, da kuskuren a ciki, yanzu ya ƙara samun rigar mutunci. Idan kai ba ka san bambancin ba, da wane ido za ka duba aikin nata?

Ban da haka, ciniki gudu yake yi. Dillali yana tsaye, direba yana jira, sabis yana ɗaukewa yana dawowa. Ba kowane saƙo za ka tsaya ka kai wa wata manhaja ba. Kuma ba hikima ba ce ka riƙa kwafe farashin maigidanka da lambar asusunsa da sunayen abokan cinikinsa kana zuba wa kowace manhajar da ka samu.

Wasu kuma za su ce ai Turanci ba harshenmu ba ne, in dai an gane shi ke nan. A hirar abokai na yarda, babu wanda zai mutu don an rubuta "am fine". Ni ma a ganina, idan da kai da wanda kake yi wa saƙo duk Hausawa ne, ku rubuta Hausarku, ta fi fita kuma ta fi aminci. Amma idan larura ta sa dole sai Turanci, kuma akwai kuɗi ko aiki ko jarrabawa a tsakani, "an gane" ba ta isa ba. Abin tambaya shi ne me aka gane.

Mun riga mun iya, da Hausa

Ga abin da ya sa nake cewa aikin bai fi ƙarfinmu ba. Karanta wannan: ya shiga gari ya sayo gari. Ba ka tsaya ba ko kaɗan, ka san na farko birni ne, na biyu na tuwo ne. Karanta wannan kuma: miyar kuka kuka sha kuka daina kuka. Kalma ɗaya sau huɗu, kuma babu inda ka ruɗe. Rubutun boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, shi ya sa "fari" take zama launi a nan, rashin ruwan sama a can. A saƙonnin waya ma, inda mutane ba sa sa ƙugiya, abin ya fi haka. "Na bata kudi" na iya zama na ba ta kuɗi, na iya zama na ɓata kuɗi. "Baki" na iya zama na cin abinci, ko launi, ko waɗanda suka zo daga tafiya. Kullum muna warware wannan cikin daƙiƙa, ta hanyar duban kalmomin da ke maƙwabtaka.

Hausa tana ba mu rubutu ɗaya da sauti daban-daban, Turanci yana ba mu sauti ɗaya da rubutu daban-daban. Maganin ɗaya ne: kada ka ɗauki kalma ita kaɗai, ɗauke ta da maƙwabtanta. Wanda ya haddace "net weight" da "please wait" a matsayin guntayen jimloli ba zai sake rikita su ba, ko da a bakinsa sautinsu ɗaya ne.

Masu ƙirƙirar kwamfuta ma sun ɗauki wannan batu da muhimmanci. A 1956 wani injiniyan IBM mai suna Werner Buchholz ya ɗauki kalmar "bite", wato loma, ya sauya mata harafi ta koma "byte" da gangan, don kada kuskuren harafi ɗaya ya mayar da ita "bit". Daga nan muka samo megabait da gigabait ɗin da muke saye kullum. Ita kuma "cache" da kake gani a saitin waya, duk da ana furta ta kamar "cash", ba ruwanta da kuɗi, ma'ajiyar wucin gadi ce ta manhaja. Goge ta ba ya taɓa asusunka.

Abin da ya kamata mu yi

Kada ka ce sai ka haddace ƙamus. Buɗe manhajar ajiye rubutu a wayarka, ka tara kalmomi 20 zuwa 30 da kake amfani da su a sana'arka, kowace da guntuwar jimla. Jerin mai sayar da riɗi daban, na mai gyaran waya daban, na ɗalibi daban.

Ka ƙirƙiro abin tunawa daga harshenka, ya fi zama a ka. "Prize" tana da harafin "z" irin na zakara, kuma zakaran gasa ake ba kyauta. "Price" tana da "c" irin na ciniki. "Weight" tana ɗauke da "eight" a cikinta, wato lamba, kuma lamba ake gani a sikeli. "Sale" kuwa ka tuna Sale maƙwabcinku: suna ne a Hausa, suna ne a nahawun Turanci, shi ya sa ake cewa "for sale". Idan aikin sayarwa kake nufi, "sell" ce.

Duk abin da ya shafi adadi, farashi ko rana, rubuta shi da lambobi. Idan an yi ciniki ta saƙon murya ko kira, biyo shi da gajeren rubutu: buhu nawa, kilo nawa, naira nawa. Wannan rubutun ne shaidarka ranar da aka samu saɓani.

A Gboard, shiga saiti ka ƙara Hausa a jerin harsuna tare da Turanci. Za ka samu ɓ da ɗ da ƙ, kuma wayar za ta rage juya maka kalmomin Hausa zuwa Turancin da ba ka nufa ba. Idan gyaran da take yi da kanta yana yawan sauya maka kalma, kashe shi ka bar layin shawarwari a sama, kai ka riƙa zaɓa. Idan kana shakkar kalma, rubuta "define" a Google ka biyo da ita, za ka ga ma'ana, ka kuma danna ka ji furucinta.

Sannan ka karanta saƙonka sau ɗaya kafin ka tura, musamman idan da murya ka rubuta shi. Idan ya riga ya tafi, tun 2023 WhatsApp yana ba da minti 15 na gyara saƙo. Wancan ɓangaren zai ga alamar an gyara, amma gara ya ga gyara da ya ga kuskure.

Ga iyayen gida kuma da ke miƙa wa yara waya su rubuta musu saƙon ciniki, ku sa yaron ya mayar muku da abin da ya rubuta zuwa Hausa kafin ya tura. Ga malaman sakandarenmu, darasin kalmomi masu sauti ɗaya zai fi shiga idan aka ɗauko misalan daga sikeli da buhu da farashi, abubuwan da ɗalibi zai tarar a kasuwa da yamma.

Waya kayan aiki ce mai kyau, tana gyara kuskuren yatsa fiye da yadda kowane malami zai iya. Kuskuren ma'ana kuwa naka ne, kuma sunanka ko na maigidanka ne a saman saƙon. Fara jerinka yau da kalmomi biyar, gobe ka ƙara biyar. Allah ya sa mu dace, ya kuma yi wa nemanmu albarka.